Cigiyar Auta

Mai zane tana cikin goge fuskar kwamfuta tsohon ya shigo shagon buga takardu, hularsa a karkace, riƙe da wani hoto da ya koɗe. Shagon shiru, sai ƙugin injin da ke kusurwa. Ta saba da hakan, yawanci ita da injin ne ke wuni.

"Baiwar Allah, cigiya za ki buga mini," in ji shi. "Autata ce. Shekararta shida. Na aike ta, har yanzu ba ta dawo ba."

Ta jawo masa kujerar nan mai matashi wadda ba ta ba kowa, ta karɓi hoton. Yarinya ce mai wushirya, da ɗan tabo a girar hagu. Ba ta tsaya dubawa ba, ta ɗora shi a kan injin ɗaukar hoto.

Da farko ta ɗauko wasu haruffa sirara masu lanƙwasa, irin na katin biki. Tsohon ya yi tsaki.

"Haba! Ɗaurin aure muke yi? Wanda ke cikin mota zai karanta wannan tsutsar?"

Ta ɓoye murmushi, ta canza. Waɗannan kam masu kauri ne, baƙi wuluk, ba wata ƙawa a ƙarshen haruffan, duk sun karkata gaba kamar mutumin da ke sauri. Su ake sa wa a jikin motar haya da rigar 'yan tsere da kanun talla, inda ido ba shi da lokacin tsayawa.

"Yawwa," ya ce. "Amma kalma uku, kar ki wuce. Wannan rubutu ihu ne, ba a dogon zance da ihu. Sauran bayani ki sa shi da ƙanana a ƙasa."

Ta rubuta: KUN GA AUTA? Ta ƙara lambar waya a ƙasa ba tare da ta ɗago kai ba. Kwafi ɗaya ta buga.

Ta manna takardar a jikin ƙofa, ta riƙe hannunsa suka tsallaka titi, domin daga nesa ake gwada irin wannan aiki. Ya kanne ido ɗaya, ya karanta tiryan-tiryan. Fuskarsa ta washe.

"Ya fito ras. Wa ya koya miki tsallaka titi ki duba aiki? Yaran yanzu a kan kujera suke yanke hukunci."

"Mahaifina," ta ce.

"To ya san sana'a. Allah ya yi masa albarka." Sai idonsa ya cika da ƙwalla. "Kina ganin za a gan ta? Tana tsoron taron mutane."

Kaɗaici ya kama ta, don ba ta taɓa jinsa kamar lokacin da take tsaye kusa da mutumin nan ba. Ta juyo da fuskarta sosai gare shi, ta jira, ko yau za a dace ya gane ta. Ya dube ta, ya mayar da ido kan takardar.

"Za a gan ta," ta ce.

Ta rufe shagon da ya gina da hannunsa, ta shafa tabon da ke girarta ta hagu, ta ce, "Baba, zo mu je gida mu jira ta."