Kowa Yana Masallaci

Ina dawowa daga Juma'a na tarar kwamfutocin kamfanin duk sun ƙi tashi, ga motocin masara daga Bakori sun yi layi a bakin sikeli, wanda ba ya aiki sai da kwamfuta.

Ni na tsara a ɗora musu sabuwar Windows ranar. Na cika wa Alhaji mai kamfanin kunne: a saita su su fara da kansu lokacin huɗuba, kowa yana masallaci, ba mai taɓa su. Sharaɗi ɗaya ne, kada wuta ta yanke. Har cewa na yi Turawan da suka ƙera su ba su kai ni dabara ba.

"Injiniya," in ji Alhaji, "za mu auna masarar nan, ko mu ɗauko tiya?"

Na buɗe baki zan ɗora wa Turawa laifi, sai mai kula da janaretanmu ya shigo da darduma a hammata.

"Kamar kullum, na kashe na tafi salla, yanzu na kunna," ya ce. "Ai Injiniya ya gan ni."

Na gan shi kuwa. Ni na matsa masa ya samu wuri a sahu.