Ƙauyen da Ke Shafi na Arba'in

Mai zanen taswira ya ɗora magogi a kan ƙauyen ke nan, sai wata tsohuwa ta shigo ofis, rungume da tsohon littafin taswirorinsa.

"Ɗan nan, an ce yau za ka goge mu."

Shekara ashirin da suka wuce ya ƙirƙiri ƙauyen, ya dasa shi a shafi na arba'in, don ya kama masu satar zane. Yanzu shugaban ofis ya ce a cire duk wata ƙarya kafin sabon bugu, ko a cire shi daga aiki.

"Iya, garin nan babu shi. Ni na ƙaga."

"Yo mu za ka gaya wa? Da muka bi littafinka muka je, ko kaza ba mu tarar ba. Sai muka gina."

"To... me kuke so?"

"Kogin da ka zana mana ne bai iso ba har yau. Malam maigidana ya sassaƙa kwalekwale, kullum yana zaune a ciki. Hala sirantar da ka yi wa kogin ce."

Ya dubi ƙofar shugaba. Ya ajiye magogin, ya ɗauki shuɗin alƙalami, ya ƙara wa kogin kauri.