Mazaunin Baya

A shagon tsofaffin babura na bakin teku a garin Volos, Thanasis yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, don idanunsa sun kusa tafiya. Wata uku ya yi yana koya wa Fotini, wadda zai aura, tuƙi da kunne kawai. Kukan inji ke gaya masa kuskurenta.

Ya dafa wani ƙarami. "Wannan za ki ɗauka."

Ta duba. Mazaunin mutum ɗaya ne.

"Kai fa, ina za ka zauna?"

"Fotini tawa, na koya miki ne don ki tafi, ba don ki ƙare rayuwarki kina goyon makaho ba."

"Wa ya ce maka na gaji?"

Ya janye hannunsa daga kan babur ɗin. Sai a lokacin ta lura babu zoben baikonsu a hannunsa na hagu. Ta zaɓi mai mazauni biyu, ta tayar, ta jira. Bai hau ba.

Da ta ja, ta hango shi ta madubi ya karkata kai, yana sauraron ko za ta canza giya daidai.

Ta canza daidai. Ya gyaɗa kai, ya juya.