Bindigar da Ba Ta Ƙin Tashi

Jatau, ka ce in raka ka birni ka zaɓo bindigar farauta ta zamani, irin wadda ke ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, tunda an ce maka na taɓa riƙe irinta. Zan raka ka. Amma jingine bindigar tokar nan taka ka zauna tukuna, in ba ka wani misali. Karatuna bai yi nisa ba, abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Mu biyu baba ya koya wa harbi, ni da yayana Nomau, da bindigar toka irin taka. Ka san ƙa'idarta. In ka harba, sai ka dire gindinta ƙasa, ka sa bakinka a bakinta ka hura, don kada ragowar wuta ta tari sabon albarushi. Wanda ya manta, baba ya kai masa ranƙwashi. Shekara talatin da ɗoriya Yaya Nomau yana harbi yana hurawa, har leɓensa na ƙasa ya yi baƙi.

Shekarar da hazbiya ta yi yawa a fadamarmu ya gaji, don kafin ya ɗura ya danna, tsuntsayen sun tsallake rafi. Ya nemi takardar izini, muka tafi birni. Mai shagon ya shimfiɗa mana guda uku. Yayana ba mai gaggawa ba ne. Ya ɗora kowacce a kafaɗa, ya jinjina nauyinta, don mai yawon daji wuni yake yi da ita a hannu. Ta farko ya ce ƙyallinta ya yi yawa, ko makauniyar fakara za ta hango ta. Ta biyu ya matsa wa mai shagon da tambaya har ya amsa cewa takan sarƙe in ƙura ta shige ta. Ta ukun baƙa ce, ba ado ko ɗaya. Mutumin ya dafa ta ya ce, "Wannan kam, Malam, ba ta ƙin tashi. Ta sha ruwa, ta sha yashi, in aka taɓa sai ta amsa." Ni ne na ce, "Yaya, ɗauki wannan."

Kuma gaskiya mutumin ya faɗa. Ba ta taɓa ba shi kunya ba. Abin da ban so ba shi ne 'yar ƙarar da take yi bayan harbi: ta tofar da kwanso, ta haɗiye wani harsashin, ƙaras, ba tare da kowa ya sa ta ba, sannan ta yi shiru kamar mai jira. Tokarmu in ta yi magana sau ɗaya ta mutu ke nan sai ka tashe ta. Wannan ba ta mutuwa. Yayana ya san da haka. Ya ɗaura jan ƙyalle kusa da bakinta don ya riƙa tuna masa. Sau biyu na ga ya dire ta, ya sunkuya, ya ga ƙyallen, ya ja da baya yana dariya. "Ka gani, Auta? Tana so in gaishe ta."

Wata Talata da hantsi muna bakin fadama, hazbiya ta cika wani gawo. Ya harba sau ɗaya, uku suka faɗo tare. Ya juyo yana yi mini tsiya, wai in zo in koyi harbi a wurin manya. Idonsa na kaina, bakinsa na dariya, hannunsa kuwa yana aikin da ya saba. Na ga gindinta ya sauka cikin sabara. Na ga ya sunkuya. Na buɗe baki, sunansa bai fito ba. Ko reshe ne ya shiga ya taɓa kunamar bindigar, ko igiyar gafakarsa, Allah ne masani. Aka taɓa, ta amsa. Na sake jin 'yar ƙarar nan, ƙaras. Sauran tsuntsayen da ke kan gawon ko ɗaya bai tashi ba. Suna zaune suna kallonmu har mutanen gona suka iso.

Bayan sadakar arba'in na ce ba za ta ƙara kwana a gidanmu ba. Na ɗauke ta na fita bayan gari ni kaɗai, da rana tsaka, in harbe abin da ya rage a cikinta kafin in miƙa ta ga hukuma. Na saita wani suri na harba. Ban san komai ba sai ɗumin ƙarfe da na ji a leɓena, ɗumi irin na numfashin mutum. Ni da na ga abin da ta yi, ni da na yi wa yayana wanka da hannuna, ga ni a sunkuye, na cika kumatu da iska. Na daɗe a haka, ina tsoron in motsa. A hankali na kawar da kaina, na kwantar da ita, na zauna a ƙasa.

To, Jatau, shekara nawa ka yi kana hurawa? Ashirin? Mai shago zai gaya maka halin kowace bindiga, amma ba zai tambaye ka naka ba. Yayana ba wawa ba ne, duk garin nan shaida ne. Sai dai tun daga ranar na daina jin haushi in na ji Hausawa sun ce, sabo turken wawa.