Man da Yaya Ya Shafa

Yaya ya danna makunnin sabuwar kwamfutar, amma ko tari ba ta yi ba.

Tun safe suke musu da ƙanensa a falo. Ƙanen ya ce ɗan man da kamfani ya shafo a gindin fankar kwamfutar ya isa ya sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Yaya, wanda ya sayar da babur ɗinsa don haɗa kwamfutar nan, ya ce ƙwaƙwalwar na'ura ta fi ƙarfin man kyauta. Ya kankare na kamfanin tas, ya matso nasa na sirinji, ya baza shi da katin banki har ya yi sumul.

"Ka lafta da yawa," in ji ƙanen.

"Ba ka san aiki ba. Kaɗan ma ya yi."

Ya kwance fankar zai ƙara, sai ga Umma da tsintsiya, riƙe da ɗan kwali da ko buɗewa ba a yi ba.

"Wannan da na tsinta ƙarƙashin kujera, na shara ne?"

Yaya ya dubi furosesarsa ta ledar da ke gaban kwalin, ya dubi murfin robar da ke rufe gurbinta a cikin kwamfutar, wanda ya wuni yana yi wa kwalliya da mai a zaton furosesar ce.

"Ajiye, Umma," ya ce a hankali. "Ba mu zo kanta ba tukuna."