Kukan Tsohuwar Sin

Kwana tara kacal Mode ya yi a ƙasar Sin, shi ma rakiyar maigidansa ce sarin takalma, amma tun da ya dawo unguwarsu Mabera a Sakkwato kunnen kowa bai huta ba. Ya kama shago, ya sayi makirufo, ya shiga fassara finafinan Sinawa, irin na gaskiyar nan da ake bin mutane da kyamara ana nuna zamansu na yau da kullum.

Da fari kasuwa ba ta yi ba. Wa zai ƙona datarsa a kan masu dashen shinkafa? Sai ya dace da fim ɗin wata tsohuwa a ƙauye, 'ya'yanta duk sun tafi birni aikin masana'anta. Tana zaune bakin ƙofa tana ta zuba Sinanci. Mode ya yanka fim ɗin kashi-kashi, ya maƙale murya ya fassara: damina ta ci katanga, akuya ta haifi biyu, ƙafa ta hana ta zuwa rijiya, ɗanta kuwa ko gaisuwa babu.

Sakkwato ta ɗauka. Matan unguwar Minanata suka sha kuka, a teburin mai shayi aka yi ta tsine wa 'ya'yan Sinawa. Mode kan rufe kowane kashi da ɗan wa'azi, wai ga inda neman duniya ke kai mutane, mu dai alhamdu lillahi mun san darajar iyaye.

Wata Nuriyya, da ta yi shekara shida a Sin tana karatun likita, ta rubuta a ƙasan bidiyon cewa tsohuwar yadda ake jiƙa kabeji take bayani, kuma a ina ta san dakan geron da Mode ke sa mata a baki? Aka yi mata ca, aka ce hassada ce.

A kashi na sha biyu wani gidan talabijin ya ɗauki shirin, da sharaɗin kashin ƙarshe a wurinsu zai fara fita. Ɗaukaka da albashi sun zo har ƙofa. Sai fassara ta tsaya cak.

Mako uku bakin tsohuwa na motsi a kwamfuta, takardar Mode fara fat. Ya gaya wa Malam Jelani, shugaban shirye-shiryen gidan, wai ta koma wani Sinancin ƙauye mai wuyar tsiya. Ya gwada haɗa nasa, Jelani ya saurari minti ɗaya ya yamutsa fuska, ya ce wannan ba bakinta ba ne. Tsoro ya kama Mode sosai. Mutumin da a da yake kife waya in ta yi ƙara, yanzu kamar ya haɗiye ta don dubawa.

Ran Alhamis bayan azahar Jelani ya kira.

"Gobe in babu, shirin noman albasa za mu sa, kai kuma ka nemi wani wuri."

Mode ya zaga bayan shago, ya lalubo wata lamba da ya shekara biyu bai kira ba. Ƙanwarsa Ashatu ta ɗauka a ƙauye. Ya ji gudunta, ya ji tana cewa a tashi, ga shi yau ya kira da kansa. Sai wata murya mai rawa ta shigo.

"Mode? Kai na? Ni da na haƙura, na ce ba ni ƙara damunka..."

Ya katse kiran tana tsakiyar magana, ya koma ya zauna yana kallon agogo.

Kafin la'asar waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar Ashatu, minti sha ɗaya cif. Mode ya yi hamdala, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya ɗauko biro, ya fara kwafe kukan Innarsa kalma bayan kalma, kamar yadda ya kwafe sha biyun baya.