Tambayar Direba a Kwarin Hunaini

Ƙarfe bakwai na safe motar ta tsaya a ƙofar masaukinsu a unguwar Misfala ta Makka, wata tsohuwar farar mota da ta sha duniya. Direban bai sauko ba. Hannu kawai ya miƙa ya buɗe ƙofar baya, Hajiya Rabi'a ta ja mayafinta ta shiga ba tare da ta dube shi ba.

Ɗanta Uzairu ya zauna a gaba, ransa a jagule. Shekararsa biyu yana karatun tarihin Musulunci a Makka, kuma shekara biyun nan yana neman abu ɗaya: inda aka binne ubansa. Uzairu na goye uban, Malam Falalu, ya taho aikin Hajji, bai koma ba. "Makka ta riƙe shi," abin da uwar ke cewa ke nan. Kawunnansa ne suka ƙarasa zancen, wai da harami a jikinsa ya cika. Da wannan Uzairu ya tashi yana tinƙaho, shi ɗan wanda ya kwanta a ƙasa mai tsarki.

To ga Hajiya ta zo umra, gobe jirginsu zai tashi, shi kuwa ko katangar maƙabarta bai samo ba da zai nuna mata. Ita ce ta samo lambar direban nan wajen wata 'yar garinsu a unguwar Hindawiyya. Ta ce babu tsohon Bahaushen da ya zauna a Makka wanda mutumin bai sani ba.

"Baba, sunana Uzairu. An ce ka san Malam Falalu?"

"Na san shi, Malam. Bari mu isa Hunaini tukuna."

Kai, tsoho da jan rai! Sau uku Uzairu yana maimaita masa sunansa, sau ukun yana amsawa da "Malam", idonsa a kan titi. A hanyar Shara'i direban ya tsaya ya sayo shayi, ya miƙa wa Hajiya nata ba sukari, ba tare da ya tambaya ba. Ita kuma, matar da ke hira da kowa har mai sharar otal ta san sunansa, yau bakinta ya mutu.

Kwarin Hunaini ba wani abin kallo. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, yashi, 'yan ƙayoyi, sai rana da ta fara cizo. Amma nan ne fagen Uzairu, nan take ya gyara tsayuwa ya buɗe karatu. Ya nuna matsatsin da rundunar Musulmi ta shigo da asuba ranar yaƙin Hunaini, ya nuna inda maharba suka ɓuya a saman duwatsu. Ya faɗi yadda kibau suka zubo, maza suka watse, 'yan kaɗan suka tsaya. Sannan aka ɗaga murya aka kira su, suka juyo da gudu suna amsawa.

Direban na tsaye gefe, ya cire hula yana murza ta. Sai a lokacin ya matso.

"Malam, ina da tambaya. Su sun juyo a ranar. To wanda ya gudu, aka yi ta kira bai amsa ba, har shekaru suka ja, kunya ta danne shi? In ya dawo, ana karɓarsa?"

Hajiya ta ɗago kai a karo na farko.

Uzairu kuwa haushi ya riga ya cika shi, tun safe ana ja masa rai, ga zafi. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Karɓa? Baba, wanda ya juya wa nasa baya, yana jin kira ya toshe kunne, ai wannan ba namiji ba ne. Gara a ce ya mutu, a san an rufa asiri. Ni da a ce irin wannan ne ya haife ni, wallahi ko gaisuwa ba za ta haɗa mu ba. Alhamdu lillahi nawa uban mutuwa ce ta raba mu." Ya kaɗe hannu. "Yanzu dai ka gaya mini, ina aka sa shi?"

Tsohon ya dubi yashi. Sannan ya mayar da hularsa.

"Ba a sa alama a kaburburan Makka, Malam. Ka yi masa addu'a daga inda kake, za ta same shi."

Shi ke nan. Shekara biyu na nema, a sallame shi da abin da ɗan firamare ya sani. Uzairu ya ji kamar ya yi kuka don takaici, ya ce da ya san haka ne da bai ɓata wa uwarsa ranarta ta ƙarshe ba. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, tsohon ya girgiza mata kai, ta fasa.

Tsohon ya ce motarsa ta yi zafi, ba za ta kai su gari ba. Ya kira wani mai tasi a waya, ya tsaya har ya ga sun shiga tasin, sannan ya tayar da motar da ya ce ta lalace ya yi gabas.

Sabon direban Hatim ne sunansa, haifaffen Hindawiyya, Hausarsa rabi Larabci. Ya dube su ta madubi.

"Wallah ajib. Ammu, dattijon nan, bai taɓa ajiye fasinja a hanya ba. Tun jiya yake wanke sayyara, wai yau yana da manyan baƙi."

Uzairu ya ja tsaki. "Mutumin da ko sunana ya kasa riƙewa. Wai shi ba shi da suna ne?"

A baya Hajiya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Sunan yanka Falalu," in ji Hatim, "bas ba mai kiransa haka. Shi ba ya iya faɗar sunan ɗansa da bakinsa, wai ɗan fari ne, amma shekara ashirin da biyar duk Hindawiyya Abu Uzair muke ce masa."